YADDA BIRKIN MOTA KE AIKI

Kowa a cikinmu ya saba ganin manyan motocin siminti da ke fitowa daga Ashaka, suna wucewa ta nan gefen Arawa za su shiga gari. Tirela guda takan ɗauki buhu 600, kowane buhu kilo 50, watau tan 30 ke nan, ban da nauyin ita kanta motar. Amma da ƙafa ɗaya direba ke tsai da wannan tulin kaya. To, ta yaya?

Murza tafin hannunka biyu da ƙarfi, za ka ji sun yi zafi. Asirin birki ke nan. Gudun mota ba ya ɓacewa haka kawai, sai an juya shi ya zama wani abu, birki kuwa zafi ya ke mai da shi. Mai keke ma in ya sauko gangare yana matse da birki, ya taɓa bakin ƙarfen ƙafar keken, zai ji ɗumi. A mota akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da waɗansu abubuwa biyu masu kaushi da ke matse shi ta kowane gefe. A waɗansu motoci kuwa ƙarfen kamar kwano ya ke, ana tokare shi daga ciki.

Saura yadda ƙarfin ƙafa ke kaiwa ga taya huɗu. Samo sirinji irin na asibiti, ka cika shi da ruwa, ka toshe bakin da yatsa, ka danna. Ba ya motsi. Zubar da ruwan, ka bar iska kaɗai, ka sake dannawa, sai ka ji ya lotsa. Watau ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Wani masani na ƙasar Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana cewa in an danna ruwan da ke rufe, dannawar takan isa ko'ina cikinsa daidai wa daida. Saboda haka in direba ya taka birki, wani ɗan fistin ke tura man birki cikin siraran bututu har zuwa tayoyi, can kuma ya tura fistin mafi faɗi. In faɗin fuskar na biyun ya yi huɗun na farko, ƙarfin ma sai ya ninka sau huɗu.

Ka ga ke nan in iska ta shiga bututun, birki ya zama sirinjin nan na biyu. Man birki kuma yana shan laima, in ya tsufa zafi kan tafasa shi, tururi ya taru, direba ya taka har ƙasa motar ba ta san ana yi ba. Masu zuba ruwan sabulu maimakon man birki don tsimin 'yan kuɗi, ni dai ban ga bambancinsu da mai haƙa rami a kan hanya ba.

Manyan motoci da iska su ke aiki. Inji ke dunƙule ta cikin tanki, ita ce ka ke jin tana huci in tirela ta tsaya. George Westinghouse na Amurka ya ƙago wannan dabara a 1869 domin jirgin ƙasa. Amma ko birkin iska yana da iyakar zafin da zai ɗauka. Wanda ya shigo Gombe daga Bauchi ya san gangaren da ke tsakanin Tumfure da cikin gari. Direban kirki tun daga sama ya ke sa babbar giya, inji ya riƙe motar, birki ya huta. Wanda ya sake ta ba giya don ya rage shan mai, ya dogara ga birki kaɗai, kafin ya kai ƙasa ƙarfen ya yi zafi ƙwarai har ya daina kamawa. Sa'an nan a ce birki ya tsinke, alhali kuwa dafa shi aka yi.

Ga wani lissafi da ya shafe mu, mu da za a ba amanar yara masu ƙetare titi safe da rana. In gudu ya ninka sau biyu, zafin da birki zai sha sau huɗu ya ke ninkawa, haka kuma nisan da za a ci kafin a tsaya. Ƙaramar mota mai lafiyayyen birki, a busasshen titi, tana gudun kilomita 30 a awa, takan tsaya cikin kamar mita 5 bayan an taka. In tana 60, sai kamar mita 20. Kafin direba ya ga yaro ya kai ƙafa ga birki kuwa, a ce daƙiƙa guda, mai 30 ta ci mita 8, mai 60 ta ci 17. A haɗa: 13 da 37. Da damina, ko ga tirela mai kaya, abin ya fi haka nesa.

In ka je koyarwa, fita da 'yan ajinka filin wasa, ku auna mita 13 da mita 37 da igiya, ku kafa turaku. Sa yaro ɗaya ya tsaya a kowane turke, sauran su koma mafari su duba da idonsu.