Robert Garrard, Maƙerin Fadar Ingila

Robert Garrard bai wuce shekara 25 ba lokacin da mahaifinsa ya rasu a 1818, ya bar masa maƙerar titin Panton a Landan tare da 'yan'uwansa James da Sebastian. Gidan ya girme su duka. George Wickes ne ya kafa shi a 1735, mahaifinsu ya mallake shi a 1802.

Mafi tsada a cikin gadon nan shi ne ɗan ƙarfen da ake buga haruffan sunan gidan da shi a jikin kaya. A wancan zamani a Landan maƙerin fari ba ya sayar da ko cokali sai ya kai shi zauren ƙungiyar maƙeran zinariya an kankari kaɗan an gwada. Dole azurfa ta kai kashi 925 cikin 1000. In ta kai, a buga mata zaki, da kan damisa mai nuna Landan, da harafin shekara. In ta gaza, a farfasa ta. Don haka ɗan da ya gaji hatimin ubansa ya gaji amanar da algus ɗin rana guda ya isa ya rusa. Robert ya riƙe ta sama da shekara 60.

A 1843 Sarauniya Victoria ta naɗa gidan mai kula da kayan adon sarauta. A 1848 suka ƙera butar azurfar da ta zama Kofin Amurka na tseren jiragen ruwa. Sunan Garrard ke jikin irin waɗannan kaya, amma hannuwa da yawa ne suka yi su: masu zane irin su Edmund Cotterill, da masu zubi, da masu goge ƙarfe da ba a tuna sunansu. Sun cancanci yabo.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1852, da aka damƙa wa gidan lu'ulu'un Koh-i-Noor, wanda Turawa suka karɓe daga hannun yaron sarki Duleep Singh na Punjab. Aka ɗauko gwanaye daga Amsterdam, suka shafe kwana 38 suna fiƙe shi don ya ƙara walƙiya. Daga karat 186 ya dawo kusan 105. Gwaninta kam an nuna, sai dai dutsen mutane ne aka rage ba da yawunsu ba.

Robert ya rasu a 1881, danginsa suka ci gaba da riƙon gidan har 1946.