Kyautar Jini Da Ƙoda: Sadaka Ce, Ba Ciniki Ba

Yau hirarmu a kan bayar da jini ne da ƙoda.

Mu fara da jini, don shi ya fi shafar mu. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata. Likita zai ce a ƙara jini, sai a shiga neman dangi, wannan ya ce jininsa kaɗan ne, wancan ya ɓuya. Kafin a samu, rai ya yi halinsa. Alhali babban mutum yana da jini wajen lita 5, leda ɗayar da ake ɗiba kuwa ba ta kai rabin lita ba, kuma cikin 'yan makonni jiki zai mayar da abinsa. Ba ya rage wa namiji ƙarfi. Mai ciki da mai jego dai ba a ɗibar nasu.

To uwargida, ko ba ki fita, kina da baki. Tun kina zuwa awo ki san rukunin jininki, ki lallaɓi maigida ya tanadi mutum biyu da za su bayar in ta kama. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, da neman jini da tsakar dare gwamma shiri tun da rana.

Sai ƙoda. Allah ya ba mu biyu, kuma lafiyayye yana iya rayuwa da ɗaya. Wanda nasa suka daina aiki, sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ko kuma dashe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002. A 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta halatta bayarwa da yardar mai ita, muddin ba za ta nakasa shi ba, amma ta hana sayarwa.

Wasu na cewa a riƙa biya don a samu masu bayarwa, kamar yadda ake yi a Iran. Sai dai talaka ne kullum ke sayarwa, kuma mai neman kuɗi yakan ɓoye cutarsa. Dokar Lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana wannan ciniki, amma ta yarda a mayar wa mai bayarwa abin da ya kashe, kamar kuɗin mota.

Ku ja kunnen samarinku kan masu alkawarin kai su Turai. A 2023 kotun Ingila ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu saboda kai wani saurayi daga Legas don a cire masa ƙoda.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in muna da rai.