Kafin ka sayi babur ɗin ratsa daji, tambayi nauyinsa da bakanikensa

A 'yan shekarun nan manyan babura masu dogayen ƙafafu sun fara yawa a titunan Abuja, Kano da Yamai, irin waɗanda aka ƙera don su bi kwalta su kuma shiga burji da rairayi. Samari da ma'aikata suna ganin hotunansu a Facebook da TikTok, an laftawa babur akwatuna da fitilu, mahayinsa na tsaye a kansa ƙura na tashi a bayansa, sai zuciya ta biya. Daga nan gardama ta kaure: Yamaha ko Honda? KTM ko BMW? Kowa na ƙirga ƙarfin inji. Ni kuwa ina ganin ƙarfin inji shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya tambaya.

Wannan jinsin babur ba baƙonmu ba ne, domin a yankinmu ya yi suna. Gasar tseren Paris zuwa Dakar, wadda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙaddamar a ƙarshen 1978, ta sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar. Daga sunan wannan hamada Yamaha ta raɗa wa baburinta Ténéré a 1983. BMW ta fito da R 80 G/S a 1980, Hubert Auriol kuma ya ci gasar a kan BMW a 1981 da 1983. Honda ta ci sau huɗu a jere daga 1986 zuwa 1989, a tsakiyar wannan nasara ta fito da Africa Twin a 1988. KTM ta ƙasar Ostiriya ta zo daga baya ta riƙe kambin daga 2001 har 2019. Gasar ta bar Afirka tun bayan da aka soke ta 2008 saboda barazanar tsaro, yanzu a Saudiyya ake yin ta, amma sunayen suna nan suna sayar da babura. Sai dai a sani, babur ɗin da ya ci gasa daban, wanda dila zai miƙo maka makullinsa daban.

Mu fara da nauyi. BMW R 1250 GS da mansa yana da kilo 249, wato buhun shinkafa biyar, babban yayansa mai tankin lita 30 kuma ya kai kilo 268. Africa Twin mai inji cc 1084 yana wajen kilo 226, wanda ke sauya giya da kansa ya fi haka. Ténéré 700, da ya fito a 2019, yana wajen kilo 205. Suzuki DR650 bai kai 170 ba, Honda CRF300L kuwa ɗari da arba'in da 'yan kai ne. A kan kwalta ba za ka ji wannan bambanci ba, hasali ma mai nauyin ya fi zama daram, ya fi daɗin doguwar tafiya. Amma wanda zai shiga daji zai faɗi, ba ko tantama, gwani ma yana faɗuwa. Tambayar ita ce: in ya kwanta a rairayi da tsakar rana, kai kaɗai, babu ko bishiyar da za ka raɓa, za ka iya tayar da shi? Sau nawa? Tayarwa ta farko kowa na iya cijewa ya yi. Ta uku ce ke fasa bayan mutum, ta zuƙe masa ruwan jiki, kuma mahayin da ya galabaita shi ne ke yin kuskuren da ke kai shi asibiti. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, roƙi mai babur ɗin ya kwantar da shi a hankali a kan ciyawa ko tsohuwar katifa, ka gwada tayarwa. In ya ƙi, nemi irinsa a wajen wani ka gwada. Ka kuma hau ka ga ko ƙafarka na taɓa ƙasa, don kujerar Ténéré 700 ta kai santimita 87 daga ƙasa, gajeren mutum zai sha fama a duk inda ƙasa ba ta daidaita ba.

Na biyu, wa zai gyara maka? Nan ne masu kuɗi da yawa ke yin asara. Sababbin manyan baburan nan cike suke da na'urori: kwamfuta ce ke auna mai, ita ke lura da santsin taya, a wasu ma har shokazoba ita ke daidaitawa. Abin sha'awa ne a ƙasar da dila yake kusa. A ƙauyen da bakanike bai san komai ba sai Boxer da Jincheng, fitila ɗaya in ta kunna a allon babur ta ƙi mutuwa, tafiya ta ƙare, sai neman a-kori-kura. Tsofaffin ƙira irin DR650, mai silinda ɗaya da kafireta, ko Kawasaki KLR650 da ake yi tun 1987, ba su da kwarjini a hoto, amma bakaniken bakin kasuwa zai iya kwance su ya gane inda cutar take. Cikin manyan, Ténéré 700 na farko ya yi farin jini ne saboda ƙarancin na'urorinsa. Kada ka saya sai ka san inda za ka sami matatar mai, takalmin birki, sarƙa da tayar da ta dace da shi, da kuma kwana nawa za su yi kafin su iso. A haɗa da batun fetur: injin zamani mai feshin mai ba ya jure man 'yan bumburutu da ya sha ruwa ko datti, famfon mai ne ke fara mutuwa, kuma ba shi da araha. Mai shiga lunguna ya riƙa tace mai kafin ya zuba.

In hukunci ake nema a wajena, ga shi: wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce, da fasinja da kaya, Africa Twin ko GS za su yi masa. Wanda da gaske daji zai shiga, matsakaici ko ƙarami ya fi masa, ko da abokai za su ce ya sayi na yara. KTM 890 na da wata dabara mai kyau, tankinsa ya sauko gefe biyu na inji don nauyi ya zauna ƙasa, amma shi ma a yi masa tambayar bakanike kafin a yaba.

Sai gyare-gyare, inda ɓarna ta fi yawa. Mutum zai sayi babur yau, gobe ya canza salansa don ƙara, ya ɗaura fitilu huɗu da akwatunan ƙarfe uku, ya ƙara wa abin kilo 30, tayar kwalta kuwa tana nan yadda ta zo. An fara ta wutsiya ke nan. Taya ce farko. Mai manyan ƙuraje tana kama rairayi da laka, amma tana saurin cinyewa a kwalta, kuma in an yi ruwa ba ta riƙe titi kamar ta asali, don haka nisan tsayawar birki yana ƙaruwa. Wanda ya sa ta ya rage gudu a gari. Ƙafar gaba mai inci 21 ta fi mai inci 19 haye rami da dutse, kuma ƙafa mai wayoyi tana lanƙwasa a miƙe ta, ta zubi kuwa tsagewa take yi. A rairayi ana rage iska don taya ta baje, amma in an rage fiye da kima aka daki dutse, rim zai tsinke tif ko shi kansa ya lotse. Da ka dawo kwalta ka mayar da iskar. Wannan na nufin famfo, ma'aunin iska, ƙarafan cire taya da kayan faci dole su kasance tare da kai, kuma ka iya aiki da su tun a gida, domin ba mai faci a tsakiyar daji.

Bayan taya sai kariya: farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, domin dutse ɗaya ya isa ya huda shi baƙin mai ya tsiyaye, kariyar hannu don kada marikin kuloci ko na birki ya karye a faɗuwar farko, raga a gaban lagireto. Waɗannan duka da noti ake ɗaura su a wuraren da kamfani ya tanada. Kada ka bari mai walda ya taɓa ƙashin babur. Zafin walda na raunana ƙarfe a inda ba ka gani, wutarta kuma na iya ƙona kwamfutar injin. Tsagewar ba ta bayyana a gareji, a gargada take bayyana, kana cikin gudu.

Shokazoba kuwa sau da yawa ba canji take buƙata ba, saiti take buƙata. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, in ka hau da kayanka, babur ya nutse kimanin kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shokazobar. In ya wuce haka, gaba zai yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa. Kaya su zama marasa yawa, mafi nauyinsu a ƙasa kuma kusa da tsakiya, kada a wuce iyakar lodin da ke rubuce a littafin babur. Jakunkuna masu laushi sun fi akwatin ƙarfe a daji, saboda in ka sa ƙafa a ƙasa don kare faɗuwa, kusurwar akwati na iya kama ta ta baya ta karya. Ƙurar hunturu kuma maƙiyiyar inji ce: a riƙa duba matatar iska, a wanke ta soso a shafa mata manta, kada a taɓa cire ta wai don inji ya sha iska. Masu son babur ya riƙa jan jiki a hankali a kan duwatsu sukan rage haƙori ɗaya a ƙaramin haƙoran sarƙa na gaba. Yana aiki, sai dai inji zai fi kuka a babban titi, mai kuma ya fi tafiya. Birkin ABS yana ceton rai a kwalta, amma a tsakuwa yakan tsawaita tsayawa, shi ya sa kamfanoni suka sa maɓallin kashe shi. Koyi kashewa, ka kuma tuna kunnawa in ka hau titi.

Duk kuɗin da ka ware, a fara cire na jikinka: hular kwano mai rufe haɓa, takalmi mai tsawo da tauri da zai kare idon sawu in babur ya danne ƙafa, safar hannu, kariyar gwiwa. Mai iya sayen salansa mai tsada ba shi da hujjar hawa da silifa.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin kowane kamfani. A yankinmu babur ya shiga cikin maganar tsaro. An hana hawansa a Maiduguri a 2011, an hana a Diffa a 2015, haka a sassan Tillaberi, kuma jihohi irin Zamfara da Katsina sun sha taƙaita zirga-zirgarsa a wasu ƙananan hukumomi. Baƙo a kan babban babur cikin daji na iya faɗawa hannun 'yan bindiga, ko jami'an tsaro su ɗauke shi a wani abu daban. Hamadar da ta ba Ténéré suna ma ba wurin da mutum zai shiga da ka ba ne a yau. Kafin ka tashi, tambayi hukuma da mutanen gari halin hanya, riƙe takardun kwastan da na rajista, faɗa wa na gida inda za ka da lokacin dawowa, ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, kuma kada ka shiga daji kai kaɗai.