Kuɗin Shiga Filin Wasa: Kada Ƙofa ta Fi Ƙarfin Manomi

A ƙasar Agiye, da Gazawa, da Gidan Runji, idan kaka ta yi, an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, ganga ce ke kiran samari zuwa dandali. Kokowar ƙauye ba ta da katanga, ba ta da mai tsaron ƙofa. Mai kuɗi da marar shi wuri ɗaya suke tsayawa. Wanda kaye ya burge shi ya yi wa ɗan kokowa kyauta, ya miƙa wa makaɗi abin goro, wanda ba shi da ko dala ya yi tafi ya koma gida.

Amma da zarar kokowa ta shiga babban birni, sai a tarar da katanga, da ƙofa, da mai sayar da tikiti. A nan ne tambaya take tasowa, wadda ta shafi mahukunta da talakawa baki ɗaya: nawa ya kamata a biya, kuma wa kuɗin nan zai bari a waje? Akwai wani wasa a ƙasar Turai da ya shekara fiye da 100 yana fama da wannan tambaya, watau zari-ruga na mutum 13. Labarinsa zai amfane mu.

Yadda kokowa ta sami ƙofa

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka shirya gasar kokowa ta ƙasa ta farko a birnin Tawa. Wanda ya ɗauki takobi a wannan karo ɗan jihar Maraɗi ne, Yakuba Ango wanda aka fi sani da Kantu, kuma sunansa aka sa wa babban filin kokowa na Maraɗi. Tun daga lokacin gasar take zagaya manyan biranen jihohi. An yi ta a Difa a 2022, a Agadas a 2023, inda Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na 6, sa'an nan a Doso a 2024.

Kowace jiha cikin jihohi 8 tana aika ƴan kokowa 10, ke nan mutum 80 ke shiga fili, ana kwana kamar 10 ana gwabzawa. Sarkin da ya rage bai faɗi ba yakan sami takobi, da doki, da babbar riga, da kuɗi masu yawa. Kafin a kai nan kuwa, sai an yi zaɓe tun daga ƙasa: ƙananan hukumomi su fid da gwanayensu, gundumomi su tace, jiha ta zaɓi goman ƙarshe. Saboda haka ɗan kokowar da ake yi wa kirari a Maraɗi, a dandalin wani ƙauye na Gangara, ko Cadakori, ko Tibirin Gobir ya koyi kamu.

Irin wannan taro yana cin kuɗi. Sai an gyara fili, an ciyar da baƙi, an sauke su, an biya alƙalan wasa da masu tsaro. Gwamnati ce ke ɗaukar babban nauyi, kamfanoni da attajirai su taimaka, kuɗin ƙofa kuma ya cike wani gurbi. Ba wanda zai ce karɓar kuɗin shiga laifi ne. Abin dubawa shi ne yawansa da yadda aka tsara shi.

Wasan da kuɗin ƙofa ya haifa

Zari-ruga wasa ne na ƙwallo mai siffar ƙwai, wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita, abokan hamayya su kama mutum su ka da shi. A Ingila aka fara shi, kuma shugabanninsa na farko masu hali ne, waɗanda suka kafa doka cewa ba a biyan ɗan wasa ko anini. Amma a arewacin ƙasar, masu buga shi ma'aikatan ramin kwal ne da na masaƙa. Ranar Asabar ranar aiki ce a gare su, duk wanda ya tafi wasa ya rasa ladan yini. Ga dubban ƴan kallo suna biya a ƙofa, ga ɗan wasa yana komawa gida hannu wofi.

Ranar 29 ga Agusta 1895, ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka yanke shawara a garin Huddersfield, suka ɓalle suka kafa tasu hukuma, domin a riƙa biyan ɗan wasa ladan yinin da ya rasa, har sule 6. Tun da yake da kuɗin ƴan kallo za a biya, dole wasa ya yi daɗin kallo. Don haka a 1906 suka rage ƴan wasa daga 15 zuwa 13 a kowane ɓangare, fili ya buɗe, gudu ya ƙaru. Wasan ya bazu zuwa Ostareliya, da Niyuzilan, da Faransa, da Papuwa Niyu Gini inda ya zama wasan ƙasa. A Afirka ta Yamma ma ana buga shi a Najeriya da Gana, har an yi gasar ƙasashe a Legas a 2019.

Wanda ya san kokowa ba zai ji wannan labari baƙo ba. Wasa ne na masu aikin ƙarfi, su ke yin sa, su ke kallon sa, kuma da ɗan abin da suka samu suke riƙe da shi.

Gasa biyu a ƙasa ɗaya

Faransa ce ta shirya gasar duniya ta farko ta wannan wasa a 1954. Amma gasa biyu na baya-bayan nan su ne abin lura.

A 2013 aka yi gasar a Ingila da Wales, da wasu wasanni a Faransa da Ailan. Masu shiri suka sauƙaƙa kuɗin tikiti, suka yi rangwame ga iyali da yara. Cikin wasanni 28, fiye da mutum 450,000 suka shiga kallo. Wasan ƙarshe a filin Old Trafford na birnin Mancesta, tsakanin Ostareliya da Niyuzilan, ya tara mutum 74,468. Da aka yi lissafi, sai aka ga an ci riba.

Gasar da aka shirya yi a Ingila a 2021 kuwa, annobar korona ta sa aka ɗage ta zuwa ƙarshen 2022. Wannan karo masu shiri suka ɗaga kuɗin tikiti, suna ganin araha tana rage wa wasa daraja. Sai gasar ta faɗo daidai lokacin da tsadar abinci da ta wutar lantarki ta addabi talakawan Ingila. Wasannin maza sun ƙaru zuwa 31, amma ƴan kallo suka ragu zuwa kimanin 420,000. Manyan wasanni sun tara jama'a, wasan ƙarshe tsakanin Ostareliya da Samowa ya sami mutum 67,502. Amma wasanni da yawa na zagayen farko ba su kai mutum 10,000 ba, ana nuna kujeru wofi a talabijin a garuruwan da suka haifi wasan. Ƴan jarida da magoya baya suka yi ta kuka da tsadar tikiti.

Kuɗin ƙofa ba shi kaɗai ya jawo haka ba, domin ɗage gasar da tazarar ƙarfi tsakanin ƙungiyoyi su ma sun taka rawa. Duk da haka darasin a fili yake: babban wasa yana iya ɗaukar tsada, ƙaramin wasa ba ya iyawa, kuma kujerar da ba a zauna ba ranar nan ba a sake sayar da ita gobe. A 2023 Faransa ta janye daga shirya gasar 2025 saboda ba ta sami tabbacin kuɗi ba.

Lissafin mutumin Gazawa

Mu dawo gida. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Runji sun tara fiye da mutum 900,000, mafi yawansu manoma. Gazawa a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta, bayan an cire ta daga Agiye. Dukansu uku suna kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1: Gidan Runji kamar kilomita 50 yamma da Maraɗi, Agiye kamar kilomita 80 gabas, Gazawa gaba da ita a hanyar Tasawa.

Mutumin birni da zai je kallo, tikiti kaɗai yake lissafawa. Mutumin Gazawa kuwa sai ya lissafa kuɗin mota zuwa da komowa, da abincin yini, da wurin kwana idan ba shi da ɗan uwa a gari, da aikin da zai bari. Mu ɗauka a misali tikitin jika ɗaya ne, watau tamma 1,000. Kafin ya kai bakin ƙofa ya riga ya kashe ninkin wannan sau da yawa. In ya zo da ɗansa, lissafi ya ƙara nauyi.

Haka kuma manomi ba shi da albashi. Ma'auninsa tiya ce: tiya nawa ta hatsi, ko ta wake, ko ta aya, ko ta riɗi zai kai kasuwa kafin ya ga kokowa? Ga shi ana yin gasar da sanyin hunturu, ba da nisa da kaka ba, lokacin da amfanin gona yake araha domin kowa na sayarwa. Tiyar da ya sayar da arha don kallo, ita zai saya da tsada idan bazara ta yi. Magidancin da ya yi wannan lissafi ya zauna gida da rediyonsa, ba ƙin kokowa ya yi ba. Hankali ya yi.

Ko ma'aikacin birni ma abin a duba ne. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke ya daɗe a kan tamma 30,047 a wata, kafin a ɗaga shi zuwa 42,000 a 2024. Mai irin wannan albashi, in zai biya jika guda kowace rana har kwana 10, kusan rubu'in albashinsa ke nan.

Idan fili ya yi nisa

Akwai tsadar da ta fi ta tikiti, ita ce ta nisa. Wasannin ƙasa da ƙasa a Yamai ake yin su, fiye da kilomita 650 daga Maraɗi. Can aka yi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disamba 2005, inda kokowar gargajiya ta fito a gaban baƙi, can kuma aka sha yin gasar kokowa ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Babban filin Janar Seyni Kunce, wanda aka buɗe a 1989, yana ɗaukar kimanin mutum 35,000, amma mutanen karkarar Maraɗi ƙalilan ne suka taɓa zama a cikinsa.

Abin ya wuce nan. Da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta ce filin bai cika sharuɗɗanta ba, ƙungiyar Mena ta buga wasanninta na gida a ƙasashen waje. A Satumba 2024, a garin Berkane na Maroko ta karɓi Gana, aka tashi 1 da 1. Wasan gida ke nan wanda ɗan gida bai iya halarta ko da tikiti kyauta ne.

Rediyo da talabijin suna rage wannan gibi. Muryar Sahel da Tele Sahel suna kai kokowa har rugar makiyayi, wayar salula kuma ta ƙara faɗaɗa abin. Amma abin da ake ji a rediyo, ihun ƴan kallo ne, da kiɗa, da barkwancin ƴan cali-cali. In benci ya zama wofi, rediyo ba shi da abin kaiwa, kamfanin da ke zuba kuɗi don a ga tallarsa shi ma zai ja baya.

Abin da ya kamata a duba

Ga masu riƙe da sha'anin wasanni, tun daga gwamna da shugabannin gundumomi har magadan gari da hukumar kokowa, akwai matakan da ba su buƙatar dukiya mai yawa.

Na farko, a raba kuɗin shiga hawa-hawa. Mai son kujerar inuwa ya biya da yawa, domin a sauƙaƙa wa mai zaman rana. Kwanakin farko su fi na ƙarshe araha, tun da ranar takobi fili cika yake yi ko yaya.

Na biyu, zaɓen ƙananan hukumomi da na gundumomi a bar shi kyauta, ko a karɓi abin da bai fi ƙarfin yaro ba. A Agiye, da Caduwa, da Gidan Sori, nan ne yaron da zai zama Kantun gobe yake fara ganin manya. In aka rufe masa wannan ƙofa, an kashe iri.

Na uku, a sanar da kuɗin tikiti tun da wuri a gidajen rediyon karkara, cikin harshen da jama'a ke ji, a kuma buga shi a jikin takarda. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai karanta da kansa, ba mai sayar masa da tikitin jika ɗaya a kan jika biyu. A tanadi motoci daga gundumomi a ranakun da ƴan jiha ke kokowa, a sasanta kuɗinsu da direbobi.

Na huɗu, bayan kowace gasa a fito da lissafi: mutum nawa suka shiga, nawa aka tara, ina aka kai shi. Dalilin da ya sa muka iya kwatanta gasar zari-ruga ta 2013 da ta 2022 shi ne an ƙidaya ƴan kallon kowane wasa an bayyana. Sai da irin wannan ƙidaya mahukunta za su gane ko kuɗin da suka yanke ya cika fili ko ya kore jama'a. Mutane kuma sun fi sakin hannu idan sun ga kuɗinsu ya koma gyaran fili da jinyar ɗan kokowar da ya ji ciwo.

Hausawa sun ce da ruwan ciki kan ja na rijiya. Ruwan cikin kokowa shi ne manomin da ya haifi ɗan kokowa, ya ciyar da shi, ya raka shi dandali. Duk wanda zai yanke kuɗin ƙofa, ya fara tambayar tiya nawa ta hatsi ke nan a kasuwar Gazawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar takobi a hannun gwani.