Ko Ka Sani? Manhajar da Ke Tsare Labarin da Ba a San Ƙarshensa Ba

Ko ka san akwai wasan da mai ba da labari yake zama da jama'arsa alhali shi kansa bai san inda labarin zai tsaya ba? Ko ka san kuma har manhajojin kwamfuta aka ƙera, ba don komai ba sai don kada zaren labarin ya kuɓuce masa?

A tatsuniyar da muka tashi da ita, rabon mai sauraro bai wuce ya amsa da "ta zo mu ji ta" ba, daga nan sai ya kama bakinsa har ƙurunƙus. Idan Gizo zai sha duka sai ya sha, ko da yara sun so a raga masa. Wannan wasa ba haka yake ba. Mutum huɗu ko biyar ne suke kewaye tebur, kowa ya ɗauki tauraro guda ya zama bakinsa: wannan maharbi, wancan almajiri, waccan 'yar kasuwa. Mutum ɗaya, wato jagoran wasa, shi ke riƙe da duk abin da ya rage, tun daga sarki da dogarai har damina da kuraye. Sai ya ce, "Kun iso bakin gulbi, magariba ta kawo jiki, mai fito ya ce yau ya tashi aiki. Me za ku yi?" Wani ya ce a ƙara masa kuɗi, wani ya ce a jira dare a kwance kwalekwalen. Duk wanda aka zaɓa, in da kasada a ciki, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo. Ta ludo fuska shida gare ta, tasu kuwa da ta fi suna fuska 20 ce, kowace lamba da rabon kashi 5 cikin 100. Abin da ƙwaya ta nuna, a ƙa'ida shi ya faru.

Daga barikin soja abin ya taso. A 1824 wani hafsa a daular Furusiya ta Jamusawa, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, da alƙali a tsakani mai yanke abin da zai biyo bayan kowane umarni. Wannan alƙali shi ne kakan jagoran wasa. Bayan shekara 150, a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka: 'yan littattafai uku a kwali, kwafi 1,000 a bugun farko, kowane kwali dala 10. A wasansu ba runduna kake ja ba, mutum ɗaya tal ne naka, kuma inda aka tsaya yau, nan za a ɗora mako mai zuwa.

To nan gizo ke saƙar. Wasan da ake ɗorawa mako-mako yakan ci watanni, wani ma shekaru. Jagora ya daɗe da manta sunan da ya laƙa wa mai masaukin da aka sauka gidansa can baya, amma ɗan wasan da ya bar ajiya a gidan bai manta ba. Ga kuma lissafi. A ce kowace fitowa, wato yanki guda na labarin, ƙofa biyu gare ta. Kafin a gama fitowa goma, hanyoyin sun kai 1,024. In ƙofa uku ce, 59,049. Babu mahalukin da zai zauna ya rubuta wannan, kuma littafin rubutu ba zai ɗauka ba, don shi a jere yake tafiya, shafi na bin shafi, 'yan wasa kuwa ba sa bin jeri.

Manhajar ba ta ajiye labari dunƙule. Daddatsa shi take yi, kowane yanki da katinsa. Mutum kati ne, gari kati ne, wasiƙar da aka tsinta a hanya kati ce, fitowa ma kati ce. A katin fitowa ake sa inda abin zai faru, su wa ke wurin, me kowannensu ke nema, me za a iya ganowa, da ƙofofin da ake fita ta cikinsu zuwa wasu katunan. Amma ƙarfin na'urar yana wajen ɗauri ne. Duk inda jagora ya rubuta sunan mai fito, manhaja za ta ɗaure wurin da katinsa, sannan ta jera a ƙasan katin duk wuraren da aka ambace shi. Ranar da 'yan wasa suka yi rigima da shi har ya bar garin, abin da jagora bai taɓa tsammani ba, dannawa ɗaya ta isa ya ga kowace fitowa da ta rataya a wuyan mutumin, ya san inda zai yi kwaskwarima kafin zama na gaba. Dabarar wiki ce, wadda Ward Cunningham ya fara a 1995, wadda kuma Wikipedia ke tafiya a kanta. Wasu manhajojin har zana katunan suke yi a allo, ɗigo-ɗigo da layuka a tsakani. Wannan zane fanni ne guda a ilimin lissafi, kuma tushensa yana komawa ga 1736, lokacin da Leonhard Euler ya warware matsalar gadoji bakwai na birnin Königsberg.

Mu kawo abin gida. A ƙarni na 19 Jega babbar kasuwa ce, matattarar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. A ce wasu ɗalibai a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero sun gina wasansu a kan wancan zamani. Jagoransu ya ƙaga cewa ayari ya tashi daga Jega ya yi zango kusa da Liba, da gari ya waye aka nemi jakuna uku da kayan kanwa aka rasa, madugu ya ɗora wa 'yan wasa nemowa. Sabon shiga zai rubuta ne kamar haka: su ga sawu, sawu ya kai su Maiyama, a Maiyama su kama ɓarawo. To in suka jefa ƙwaya ta ƙi su, ba su ga sawun ba fa? Wasa ya tsaya cak. In kuma suka ce su ba ruwansu da sawu, jagaban ayarin suke zargi?

Gwani ba ya rubuta abin da zai faru. Wurare da mutane yake tanada. Katin zango, katin kasuwar Maiyama, katin gidan wani maɗori a Aliero inda aka kai mai karaya a daren, katin mashigin gulbi. A kowane ɗaya ya binne alamun da ke nuni zuwa sauran, ta yadda duk ta inda aka shiga za a sami abin kamawa. Wani marubucin harkar, Justin Alexander, ya yi suna da ƙa'idar da ya rubuta a 2008: duk gaskiyar da kake so 'yan wasa su gano, ka ajiye mata alamu uku aƙalla, saboda mutane sukan tsallake wata, su yi wa wata gurguwar fahimta. A takarda ƙirga wannan wahala ne. A allo kuwa, katin da layi ɗaya kacal ke shiga cikinsa za ka hango shi can gefe, ka san nan ne wasa zai iya maƙalewa. Mai lambun albasa zai gane aikin da wuri: kai ne ka yanka komaye, kai ka ja hanyoyin ruwa, amma a nan wani ne yake zaɓar bakin komin da za a fara buɗewa.

Bayan ɗauri, aikin manhajar na biyu shi ne rufin asiri, kuma ni a ganina nan ne manhaja ta fi takarda nesa ba kusa ba. Kati ɗaya fuska biyu gare shi. 'Yan wasa in sun buɗe a wayoyinsu za su ga, "Jagaba: dattijo ne, ya daɗe yana bin wannan hanya." Jagora shi kaɗai ke ganin layin ƙasa: "Bashi ya yi masa katutu, shi ya kwance jakunan." Ranar da suka gano, sai ya cire murfin layin, kowa ya gani. Taswira ma haka. Hazo ake lulluɓe ta da shi, sai inda ƙafar taurari ta taka ne yake yayewa. Akwai kuma kalandar cikin labari, inda jagora ke rubuta abin da zai wakana in 'yan wasa suka yi nawa: kwana uku a sayar da kanwar, kwana biyar a ƙetare gulbi da jakunan. Da wannan ne duniyar wasan take motsi ko da ba a kallonta.

Manhajojin gida biyu ne. Akwai masu maye gurbin tebur, da taswira da ƙwaya da komai, don mutanen da ke garuruwa daban-daban: Fantasy Grounds tun 2004, Roll20 a 2012, Foundry a 2020, shekarar da kullen korona ya koro dubban 'yan wasa zuwa intanet. Akwai kuma na adana kundi, irin su Obsidian Portal na 2007 da World Anvil na 2017. Wanda yake zaton wasan yara ne, ya sani cewa a 2022 kamfanin Hasbro ya biya dala miliyan 146.3 ya sayi D&D Beyond, dandalin da ke riƙe wa 'yan wasa bayanan taurarinsu da littattafan ƙa'ida.

Sai dai akwai tarko, kuma masu ƙwazo ya fi kamawa. Cika kati daɗi gare shi. Jagora zai kwana yana tsara asalin sarautar wani gari har kaka na bakwai, da kuɗin da ake kashewa a can, da sunayen ƙofofin ganuwa. Ran wasa 'yan wasa su wuce garin ko ruwa ba su tsaya sha ba. Wanda ya yi wannan wahala ba ya son ta tafi a banza, sai ya fara toshe hanyoyi: gulbi ya cika, kura ta tare hanya, dole a kwana a garin nan. Da zarar 'yan wasa sun ji ana jan su da igiya, daɗin ya tafi, domin zaɓin shi ne ya tara su tun farko. Manhaja ba ta hana wannan, in ma ba ta ƙara zuga shi ba, tunda kullum tana nuna maka gurbin da ba ka cika ba. Ba ta kuma ganin fuskar ɗan wasan da ya fara hamma. Katin da ba za a taɓa ba a zama biyu masu zuwa, layi uku sun ishe shi.

A Najeriya wasannin tebur na zamani suna da masu yi musu hidima. Kamfanin NIBCARD na Kenechukwu Ogbuagu da ke Abuja ya ci kyautar Diana Jones a 2021, wadda ake ji da ita a wannan fage a duniya. Mu kuma ɗaukar rawar wani ba baƙonmu ba ne, duk wanda ya yi tashe yana yaro ya san haka. Amma waɗanda nake ganin sun fi buƙatar wannan na'ura a ƙasar Hausa ba ma 'yan wasa ba ne. Marubutanmu ne masu sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp, waɗanda ra'ayin masu karatu ke karkata musu alƙalami, da masu rubuta finafinai masu dogon zango. Ciwonsu ɗaya da na jagora: yaron da aka haifa a farkon labari ya girmi yayansa a tsakiya, ko sirrin da uwa ta riga ta ji a baya ta sake jin sa ta suma.

Yawancin waɗannan manhajoji sai da intanet suke aiki, abin da ba kullum yake samuwa ba a ƙauyukan Maiyama. Amma akwai Obsidian, wadda ta fito a 2020 kuma ba ta da alaƙa da Obsidian Portal. Kyauta ce ga mai amfanin kansa, a cikin wayarka ko kwamfutarka take ajiye katunan a matsayin rubutu zalla, ba ta neman data kafin ta buɗe. In ka sa suna a tsakanin baka biyu-biyu masu kusurwa, ta ɗaure shi da katinsa ke nan, ko da Hausa ka rubuta.