Katako da cinikin hular kwano

Tun mutum bai sauko daga gadar sama ta Diori Hamani ba, wadda aka buɗe a 2018, ƙarar guduma ke shaida masa ya iso kasuwar Katako. Duk abin da Yamai ta gama da shi nan yake ƙarewa, nan kuma yake sake kama. Gwangwanin lemo da tsohon fistan ɗin mota su shiga wuta su fito tukunyar alminiyom. Gangar mai a tsaga ta, a miƙe ta, kafin la'asar ta zama akwatin ƙarfe ko murhu. Can gefe ga masu katako da kwanon rufi da rodi da siminti, gaba kaɗan ga buhunan hatsi da masara da wake, 'yan turin baro na ta ihu a ba su hanya, wani da Hausa wani da Zabarmanci. Kasuwar ta manne da unguwar Bukoki har ba a gane inda ɗaya ta tsaya.

A cikin wannan hayaniya akwai masu kayan moto: taya, sarƙa, madubi, igiyar birki, na Kasea da Haojue da Boxer. Hular kwano, wadda a Yamai aka fi kira kaske, tana rataye a bakin rumfa, ƙura ta yi mata fenti na biyu.

Mai sayenta na farko yawanci saurayi ne da ya gama zuba duk abin da ya tara a kan moto, aljihu ya yi sanyi. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 ta sefa a wata, kowace jika sai an yi shawara da ita. Ga kuma tsada: tun da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya da yawa sai sun zagayo ta tashar Lome su ratso Burkina Faso, kuɗin hanyar kuma a kan mai saye yake sauka. Shi ya sa saurayin kan fara da tambayar wadda ta fi arha.

Mai rumfa ya san kaya iri biyu yake sayarwa, ko bai faɗa ba. Akwai hular da ake sawa don ɗan sanda ya gani, akwai wadda ake sawa don kai. Mutanen Nijeriya ba su manta Janairun 2009 ba, lokacin da aka tilasta sa hular, wasu 'yan acaɓa suka fito da ƙwarya da tukunya ɗaure a ka. A Katako ba sai an je ga ƙwarya ba, tunda ga hular magina nan rawaya a rumfunan kayan gini. An yi ta ne don bulo ko guduma da za ta faɗo daga sama, ba don kan da zai daki kwalta yana cikin gudu ba, kuma tana barin kai tun mutum bai kai ƙasa ba.

Hular kwano mai rufe fuska duka ta fi tsada, ta fi nauyi, amma dalilinta a haɓa yake. Binciken da Dietmar Otte ya yi a Jamus kan hulunan da suka yi hatsari ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na bugun a wajen haɓa yake sauka, daidai inda buɗaɗɗiyar hula ba ta da komai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta daɗe tana kawo adadin cewa hula mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, na raunin kai da kashi 69.

Sai dai idon mai saye ga ƙyalli yake tafiya: jan fenti, zanen damisa, baƙin gilashi. Aikin kuwa ba a ɓawon yake ba. A sa hannu a ɗaga yadin ciki, za a tarar da wani farin soso mai tauri, irin wanda ake tokare sabon talabijin da shi a kwali. Shi ne ke murƙushewa ya shanye bugu kafin ya isa ƙwaƙwalwa. A hula ta gari kaurinsa ya kai yatsu biyu, ya zagaye kai, har a sandar haɓa akwai abin da ke tare bugu. A ta bogi sai a tarar da ɗan siririn soso mai laushi, ko roba tsirara. A matsa gefunan hular da hannu biyu. In ta lanƙwashe ba gardama, a mayar wa mai ita.

A nan ne hular ta saɓa wa ɗabi'ar Katako. Kasuwa ce da ta yi suna da cewa babu abin da ba ya gyaruwa, amma wannan soso sau ɗaya yake aiki. In ya murƙushe ba ya dawowa, kuma daga waje ba a gani. Tsohuwar hula 'yar Turai da ta shigo cikin kayan gwanjo, mai babban suna a goshi da farashi mai daɗi, ba wanda zai iya faɗin ko ta taɓa dukan ƙasa a wata ƙasa. Masu ƙera huluna da kansu sukan ce a canza bayan kamar shekara 5. Sabuwa marar suna mai shaida ta gaskiya ta fi tsohuwar ta gwanjo.

Shaidar a igiyar haɓa ake nemanta. Hular da ta ci gwajin ƙa'ida mai lamba 22 ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ɗan ƙyalle ɗinke a igiyar, da harafin E cikin da'ira da lambar ƙasar da ta amince da ita: 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya. Dogon adadin da ke kusa yakan fara da 05 ko 06, kuma 06 ne sabon gwaji mai tsanani. Harafin P yana nufin an gwada sandar haɓar. NP na nufin sandar ba ta kare komai. Tambarin DOT na Amurka da ake mannawa a ƙeya, kamfani ne da kansa ke shaidar kansa, balle takarda mai gam da kowa zai iya bugawa. Wanda aka ɗinke ma ana kwaikwayonsa, shi ya sa hannu ke duba soso ko ido ya ga tambari.

Daga nan sai awo. Tela zai ba da aron magwajinsa: a zagaya kai sama da gira, santimita 57 zuwa 58 yawanci M ne, 59 zuwa 60 L. Sabuwar hula ta kamata ta matse kumatu. A ɗaure igiya, a kama ƙeyar hular a turo gaba. In ta zame ta fita, ta yi yawa. Masu son sa ta a kan hula ko rawani sukan ɗauki babba da gangan, ita ce kuma ke tashi ta bar su.

Zafi ne babbar hujjar masu ƙin ta, kuma ba ƙarya suke yi ba. A Afrilu da Mayu Yamai tana wuce digiri 40, baƙar hula marar ƙofofin iska azaba ce. Fara ko mai haske, mai ramukan iska da ke buɗewa da gaske, mai yadin ciki da ake cirewa a wanke, ita ake iya jurewa. Gilashi kuma fari ya fi, don baƙi makanta ne bayan magariba a titin da ba fitila.

Cinikin kansa bai canza ba. “Alhaji, nawa wannan?” Alhaji ya goge ta da hannun riga, ya ce orijinal ce, ya faɗi kuɗi. “Samari, taya.” A taya, ya ce albarka, a ƙara ɗari biyu, a yi kamar za a tafi, a kira mutum ya dawo. Baƙo ya kula, da dala ake lissafi: ɗari biyu a bakin ɗan kasuwa jika guda ce ta sefa. Kafin a ce an sallama, wanda ya san kan abin yakan tambayi ko akwai gilashin canji na wannan samfurin, domin ƙurar hunturu tana kankare shi cikin 'yan watanni, kuma ba kowane gilashi ke shiga kowace hula ba. In Alhaji ya ce zai aiki yaro ya nemo a wata rumfa, gara a zauna a benci a jira yaron ya dawo.