Malfar Jaji

Gimbana ba ta da nisa da Jega. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa garin, ta kwashi mutanen Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu, ta biyo da su ta Degel, garin Shehu, a ɗaure. Jama'ar Shehu Usmanu suka kwance su, abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Cikin masu hijirar akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara 11 ba, 'yar Shehu, Nana Asma'u.

Cikin yaƙi ta yi wayo. Ta sha tafiyar ƙasa, ta ɗanɗani yunwa, tana cikin jama'a lokacin da aka sha kashi a Alwasa a 1805 aka ja da baya zuwa Gwandu. Da ƙura ta lafa, sai ga ƙauyuka cike da zawarawa da marayu da matan da aka kamo a yaƙi. Da yawansu ba su taɓa riƙe allo ba. In ciwo ya zo, gidan bori suka sani.

Asma'u kuwa matar Waziri Giɗaɗo ce, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta ga dama, da sai ta tsaya ga karantar da 'ya'yan manya, ba mai ganin laifinta. Sai ta duba ta ga matar ƙauye mai goyo da daka da surfe ba ta da halin zuwa Sakkwato. To, karatun ya je ya same ta.

Daga kowane gari ta zaɓi dattijuwa mai mutunci, ta kira ta jaji, sunan da fatake ke ba mai ja musu gaba. Ta ɗora mata malfa, ta naɗa jan ƙyalle a kai. Nan ne dabarar da ta fi burge ni. Irin wannan malfa ita Innar Gobir, uwar 'yan bori, ke sawa. Asma'u ba ta ƙone hular ba, kai kawai ta sauya mata. Matan da suka saba durƙusa wa malfa suka ci gaba da durƙusawa, amma yanzu alwala da salla da haramcin tauye mudu suke ji.

Jaji kan taho a ƙasa da 'yan mata ƙanana da tsofaffi, ɗauke da zuma da hatsi da man shanu, waɗanda Asma'u ke rabar wa marasa lafiya da mabukata. Su zauna su haddace waƙoƙinta, su koma gida su rera wa masu aure a bakin turmi. Su ne 'Yan Taru. Babu aji, babu kuɗin makaranta.

Nakan tuna da su in na ga yarinya da farantin talla a kasuwar Jega da hantsi, ko tana tsintar albasa a Aliero, alhali jihar tasu, Kebbi, na cikin jihohi bakwai da aka fara AGILE, shirin Bankin Duniya na karatun 'yan mata, a cikinsu.

Asma'u ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta karɓi aikin. Bayan fiye da shekara 100, wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta zauna gaban Waziri Junaidu tana nazarin takardun Asma'u. Da ta shiga ƙauyuka, sai ta tarar da masu malfar jaji na nan da ransu, suna jan ayarin mata zuwa Hubbare, makwancin Shehu a Sakkwato.